Rasuwar Dogo, Rula Mai Hannu Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma idon da bai yarda da kowa ba tukuna, ni Attahiru mai zanen gine-gine a nan Kontagora nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan kasuwar da na taɓa zana wa shago, da magina da kafintoci, rasuwar abokin aikina Dogo, rula mai hannu uku. Ya rasu ranar wata Asabar a kan teburinsa, ba na gida. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi. Na Allah ne abin da ya karɓa, amma ba a hana mai rashi tambayar ta hannun wa aka karɓa.

Ga wanda bai san marigayin ba, dogon katako ne siriri mai baƙin gefe, tsawonsa ya zarce hannuna tun daga yatsa har kafaɗa. A wuyansa akwai gaɓa ta tagulla da ɗan noti, daga nan kuma gajerun hannuwa biyu suka rabu kamar ƙahonnin bijimi. Aikinsa shi ne zanen da ke nuna gini yadda ido ke ganinsa, na kusa babba, na nesa ƙarami, layukan bango da na rufi suna ta matsowa kusa da juna kamar gefen titin Yawuri in ka tsaya a tsakiyarsa ka hanga. Wurin da layukan nan ke haɗuwa sau da yawa ba ya kan takarda, yana can nesa da allon zane. Sai ka kafa ƙananan ƙusoshi biyu a gefen allon, ka jingina gajerun hannuwan Dogo a kansu. Daga nan duk yadda ka juya shi, dogon hannunsa wuri guda yake nunawa, ba ya kuskure, ba ya mantuwa.

A ƙasar Turai aka haife shi, ban san garin ba. Ya zo hannuna a shekarar da aka sami mulkin kai, daga wani tsohon Bature da na koyi zane a wurinsa a Kaduna. Ranar da zai koma gida ya miƙo mini shi a kwance bisa tafin hannu biyu, yadda ake miƙa jariri. Haka na shiga mota da shi, haka na riƙe shi a cinya har Kontagora, ban bari ya taɓa buhun kowa ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Damina ba ta tanƙwara shi ba, bazara ba ta tsaga shi ba. Ba shi da yawan magana. In an sassauta notinsa ya ce ƙiiƙ, in ya bi takarda ya ce shuu, in hannunsa ya sami ƙusa ya ce ƙwas, shi ke nan an daidaita. Shi ya nuna wa mutanen Beri masallacinsu tun ba a haƙa tushe ba. Shi ya zana jerin rumfunan hatsi da aka gina a Salka, inda wani dillalin dawa mai suna Sati ya dubi zanen ya ga rumfarsa ce ta can ƙarshe, ƙarama kamar akurki, ya ce shi ba za a cuce shi ba. Sai da na kai shi bakin kasuwa na nuna masa jakinsa daga nesa, na tambaye shi ko jakin ya ragu. Ya ce a'a, amma duk da haka a ba shi rumfar farko. Dogo bai ƙara wa rumfar Sati ko taƙi ɗaya ba. Bai san faranta wa mutum rai da ƙarya ba, kuma ina zaton halin nan ne ya yi ajalinsa.

Ga yadda abin ya faru. Tun da aka fara raɗe-raɗin za a raba mu da Sakkwato a ba mu jiharmu, duk mai ɗan hali a garin nan ya tashi gini, wai ma'aikata za su cika gari su nemi haya. Alhaji Jumare, falken hatsi, wanda yake yayan matata Rabi'a, ya fara bene a bakin titin unguwarmu. Lukuman magini ne ke riƙe da aikin. Ginin bai kai ga hawa na sama ba sai maƙwabcinsa, Malam Nababa, ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce tagar sama za ta leƙa masa tsakar gida, har inda iyalinsa ke wanka. Alhaji ya ce ba za ta leƙa ba. Wani ya kawo shawarar a kafa tsani a hau a duba, mai unguwa ya ce ba zai sa namiji ya hau sama ya kalli gidan mutum da sunan bincike ba, ai laifin da ake gudu ke nan. Sai aka ce Attahiru ya zana abin da mai tsayuwa a tagar zai gani.

Na karɓi aikin, ko da yake na san gaba suruki ne, baya maƙwabci. Na auna tsawon katangar Malam Nababa daga waje, na karɓi awon taga a wurin Lukuman, shi kuma Malam Nababa ya auno mini tsakar gidansa da kansa. Muka zauna ni da Dogo. Kowa a unguwa ya ɗauka zanen zai kayar da Alhaji, ni ma haka na ɗauka, don bene bene ne, katanga kuma ta laka ce. Malam Nababa kan leƙo ya tsaya a bayana yana kallo, yana sa mana albarka.

Aiki ya kai rabi sai aka aiko mini da goron suna daga Sahon Rami. Na kulle ɗakin zane, na ba Rabi'a makulli, na tafi. Da na dawo da yamma na tarar da ƙofar a kulle yadda na bar ta. Na buɗe. Dogo na kwance a tsakiyar tebur, an miƙar da shi sambal, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ni ban taɓa lulluɓe shi ba. Na yaye ƙyallen, na ga wuyansa ya tsage daidai inda katako ya haɗu da tagulla, notin ya murɗe ya cinye haƙoransa, an kuma naɗe tsagin da baƙin zare, irin wanda mata ke kitso da shi. Na ɗaga shi, dogon hannun ya langaɓe. Na taɓa notin, bai ce ƙiiƙ ba.

Ɓera ba ya murɗa noti. Iska ba ta lulluɓe gawa. Na zauna na fara lissafin wanda mutuwar nan za ta yi wa daɗi.

Na fara da cikin gida, don makulli a gida yake, zaren kuma na san shi. Na kira Rabi'a na nuna mata.

Ta ce, "Malam, ni na ɗaure shi, ni na rufe shi. Na shiga barka nan maƙwabta, na rataye makullin a ƙusar bayan ƙyaure. Da na dawo zan share ɗakin na same shi a haka. Na ji tsoron yadda za ka ji ne."

Na ce, "Wa ya zo gidan nan yau?"

Ta ce Yaya ya zo da safe ya sauke mata dawa, Lukuman kuma ya yi sallama da hantsi yana neman aron tef ɗin awo.

Na ce, "To, wanne kike rufa wa asiri a cikinsu? Ko aiko ki aka yi?"

Na faɗi wannan da murya mai ƙarfi, kuma katangarmu gajera ce. Rabi'a ta dube ni, ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan nake goge ƙurar sandar nan, ban taɓa ko jingina ta a karkace ba. Yau ni ce 'yar aike?" Ta ɗauki mayafinta ta wuce gidan yayanta, tukunya na kan wuta. Na ce a raina, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Washegari na sami Lukuman a bakin gini. Yana jin maganar ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam Attahiru, ni da nake gini da igiya da dutse, me zan yi da sandarka? Ko ɗakin ban shiga ba." Na lura da dariyar. Na kuma lura akwai sabon ƙwarzane a bayan hannunsa. Ya ce bulo ne. Kowane magini in ya ji ciwo bulo ne.

Alhaji Jumare kuwa ko tashi bai yi daga kan buhu ba. Ya ce, "Attahiru, in bene ne zai raba ni da maƙwabcina, a rushe shi. Amma ƙanwata ba ta fita gidan nan sai ka san abin da bakinka ya faɗa." Maganar ta yi kyau ƙwarai, har ta yi kyau fiye da kima. Mutumin da ya zuba siminti har ya kai kan ƙofa ba ya cewa a rushe da sauƙi haka, sai in ya san shaidar da za ta rushe shi tana kwance da karyayyen wuya.

Mutum ɗaya ne ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, shi ne Malam Nababa. Ya zo da goro, ya zauna a zaure yana girgiza kai, ya ce wannan rashi ba nawa ba ne ni kaɗai, na duk mai neman gaskiya ne. Ya ce shi ranar yana gona tun asuba, da yana gari da ba a yi wannan ta'asa ba. Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Malam, tunda abin aikin ya lalace, ai sai ka ƙarasa da ido. Kai ma ka san abin da tagar nan za ta gani." Na yi masa godiya. Shi kaɗai ne ban sa a lissafi ba.

Na kai Dogo wurin kafinta, ya juya shi ya ce zai iya mannewa. Na ce in ya kauce da kaurin gashi ɗaya fa? Ya ce ai ba mai gani. Na karɓe shi na dawo. Gara a ce ya mutu da a ce ya rayu yana ƙarya.

Ban ƙarasa zanen da ido ba. Na koma dabarar da ake yi kafin a ƙera irin su Dogo. Na fito da allo zaure, na auna inda layukan za su haɗu, wurin ya faɗa can jikin bangon gabas. Na kafa ƙusa a nan, na ɗaura zare, na ja shi har kan takarda. Kowane layi sai na miƙe zaren, na sa alama, na ɗora rula, na ja. Abin da Dogo ke yi da shuu ɗaya, ni sai na yi ta kai da kawowa kamar mai saƙa. Kaji suka yi ta tsallake zaren, babu kuma mai kawo mini ko ruwan sha, tuwon kasuwa na yi ta ci.

Da zanen ya fito, na tsaya ina kallonsa. Daga tagar Alhaji ana ganin saman katanga, da jinkar rumbu, da kan bishiyar gwanda. Tsakar gidan Malam Nababa ba ta fito ba ko kaɗan, katangar ta rufe ta ruf, don benen ya ja baya sosai daga iyaka. Na zargi zaren, na sake sabo. Na zargi awon Lukuman, na je na sake aunawa da kaina yana kallona yana murmushi. Abu ɗaya ya sake fitowa. Da na ɗora sabbin layukan a kan waɗanda Dogo ya ja kafin rasuwarsa, suka hau kan juna daram. Ashe tun a rabin aiki marigayin ya riga ya faɗi abin da ya gani.

Ranar zama, zauren mai unguwa ya cika. Na shimfiɗa takardar, na yi bayani. Mai unguwa ya sa tabarau ya bi ta da yatsa, ya ce, "To ina tsakar gidan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tana bayan katanga, inda Allah ya ajiye ta."

Sai Malam Nababa ya zabura ya miƙe. Ya ce, "Ƙarya ne! Dama na san sandar nan ta surukai ce. Tun ranar Asabar ɗin na ga layinta ya ƙi sauka cikin gidana, na ce bari in ɗan sunkuyar mata da kai, noti ya ƙi, na ɗan danna..."

Sai ya dafe bakinsa da hannu. Mai unguwa ya cire tabarau ya ce, "Malam Nababa, wace Asabar? Wadda kake gona tun asuba?"

Malam Nababa ya koma ya zauna a hankali. Ya ce wallahi bai yi nufin karya shi ba, gyara masa zama kawai ya so yi. Ya ce yana da 'ya'ya mata a gida, tun da aka fara ginin nan barci ya ƙaurace masa, ko za a zana masa takarda ɗari shi dai ya san akwai taga a saman kansa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne goron nan, na ci shi har na ba wasu.

Mai unguwa ya yanke cewa gini ya ci gaba. Alhaji Jumare ya ce duk da haka zai ƙara wa katangar Malam Nababa tsawo daga aljihunsa, don mutum ya kwana da kwanciyar hankali a gidansa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Da aka zo kan diyyar Dogo aka rasa abin da za a yanka, don na aika Kaduna na aika Zariya, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a kanti.

An ce magana ta ƙare. Ni a wurina da saura. Wa ya gaya wa Malam Nababa cewa a bayan ƙyaure ake rataye makulli? Barkar da aka kira matata daidai wannan lokaci, wa ya aiko a kira ta? Lukuman ya tsaya a ƙofar gidana da hantsi, bai ga mutum ya shiga ba, bai ji ƙarar katako ba? Me ya sa har yau in ya gan ni sai ya yi murmushi? Shi kuma Alhaji, mutum ya ci shari'a sannan ya gina wa wanda ya kai shi ƙara katanga? Liman ya ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na yarda. Ba zato nake yi ba, tambaya nake yi.

Marigayin ya rasu ya bar allon zane, wanda suka yi zaman amana tun zuwansa garin nan, har yanzu da ramukan ƙusoshinsa a gefe. Ya bar ƙanensa rula mai kai, da tagwaye masu kusurwa uku, da kamfas mai ɗingishi wanda ba ya rufe da'ira sai an tallafe shi. Ya bar alƙalamin tawada da fensira da dama, yawancinsu ƙanana. Dukansu suna cikin ɗakin lokacin da abin ya faru, kuma ba wanda ya ce uffan.

Ya kuma bar ni a gidan da ba a hura wuta. Na je biko gidan Alhaji, Rabi'a ba ta fito ba. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, gaya wa Malam, ya tara mutane a zauren mai unguwa an wanke sandarsa. Ni da ya zarga unguwa na ji, a gaban wa zai wanke ni?" Na ce ai kowa ya ji abin da Nababa ya faɗa. Ta ce, "Bakin Nababa aka ji. Ba shi ya ce mini 'yar aike ba."

Saboda haka ga tsarin jana'iza.

Za a binne katakon marigayin a bayan gidana, gindin dalbejiya, bayan sallar la'asar. Liman ya ce ba a yi wa katako salla, ban kuma yi musu ba, amma ya yarda zai zo ya tsaya a matsayin maƙwabci. Tagullar wuyansa ba za ta shiga ƙasa ba, don na san akwai masu haƙa a garin nan. Mai unguwa ya ɗora wa Malam Nababa haƙa ramin, shi zai kuma riƙe ƙafafu, ni in riƙe kai. Ana roƙonsa kada ya zo da goro.

Kafin a mayar da ƙasa, zan tsaya in faɗa da muryar da ta kai ta ranar nan ƙarfi cewa Rabi'a ba ta da hannu a wannan kisa, kuma ba 'yar aiken kowa ba ce. Matan maƙwabta da suka ji ta farko ta kan katanga, ana gayyatarsu su matso jikin katangar su ji ta biyu.

Za a karɓi gaisuwa a zaure. Ɗakin zane zai kasance a kulle, makullin yana aljihuna. Wanda ya zo ya zauna inda zan iya ganin hannuwansa. Wanda bai zo ba, zan so in san dalili.

Ba a tsayar da rana ba, domin ba za a yi ba sai Rabi'a tana wurin. Alhaji Jumare ya ce mini za ta zo ranar Lahadi. Na tambaye shi, ita ta faɗa ko shi ya faɗa? Ya ci gaba da ɗinke bakin buhunsa. An dai haƙa ramin, na kuma share tsakar gida.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma tona abin da ya rage.

Mai sanarwa,
Attahiru mai zane, Kontagora, a madadin allo da sauran iyalan marigayin.